Filin Tambaya da Amsa: Wane Gudu Ya Dace da Inji Kafin Baƙin Mai Ya Ɗauki Zafi?

Tun da hunturu ya kama, yawancin wasiƙun da suke iso wa wannan fili sun karkata ga abu guda, wato yadda ya kamata a bi da inji da sassafe kafin ya ɗauki zafi. Mun zaɓi shida daga cikinsu, mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili, kuma amsar farko ta fi sauran tsawo domin a kanta suka dogara.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne a Jos, ina da Toyota Corolla ƙirar 2006 mai giyar hannu. Nakan fita aiki da misalin ƙarfe shida da rabi na safe, kuma daga ƙofar gidana zuwa babban titi bai kai tafiyar minti biyu ba. Da na hau titin sai in ga dole in ba da wuta domin in bi sahun sauran motoci. Wani abokina ya ce hakan yana cinye inji tun da baƙin man bai yi zafi ba. Shin akwai lambar da bai kamata in wuce ba a agogon juyin inji, kuma har zuwa yaushe?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokinka ya faɗi gaskiya, kuma zan fara ba ka lambar kafin in kawo dalilinta. A motar fetur irin taka, ka riƙe allurar agogon juyin inji tsakanin 1,500 da 2,500 a mintunan farko, kada kuma ka bari ta haura 3,000 sai ka yi tafiyar minti 15 zuwa 20. Kowace lamba da ke jikin agogon tana nufin juyi dubu a minti ɗaya, saboda haka abin da ake so shi ne allurar ta tsaya ƙasa da lamba 3, wato kimanin rabin inda jan layi yake farawa a injin motarka. Wannan ma'auni ya dace da yawancin ƙananan motocin fetur, kuma ya yi daidai da abin da littattafan motoci da yawa suke faɗa, cewa a tashi ba tare da dogon jira ba, amma a guji yawan juyin inji da take totur har ƙasa kafin inji ya kai zafin aikinsa.

An ƙera inji ne domin ya yi aiki da man da zafinsa ya kai digiri 90 zuwa 110 a ma'aunin Selshiyas. A wannan zafin man ya tsinke daidai yadda zai ratsa ƙananan hanyoyin da aka huda masa, ya shiga tsakanin karanshaf, wato babbar sandar da fistin suke juyawa a ƙasan inji, da ƙarafan da yake juyawa a kansu, inda tazarar ba ta wuce milimita 0.02 zuwa 0.05 ba. Da safiyar Disamba ko Janairu a Jos, inda sanyi yakan sauka zuwa digiri 10 ko ƙasa da haka, man da ya kwana a tukunyar inji yana da kaurin da ya ninka na lokacin aikinsa sau goma ko fiye, idan kuma mai kauri ne irin 20W-50 ninkin yakan wuce talatin. Wanda ya taɓa ƙoƙarin tsiyayo zuma daga kwalba da safiyar hunturu ya san yadda abin yake. Ya kamata kuma mutanen Sakkwato da Maiduguri da Damagaram su lura cewa maganar ba ta hunturu kaɗai ba ce, domin safiyar bazara mai digiri 30 ma sanyi ce a wurin inji, tun da saura digiri 60 ko fiye man ya kai inda ake so.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar jar fitilar mai ta mutu, to man ya isa ko'ina. Fitilar tana mutuwa ne da ɗan matsi kaɗan, kuma matsi daban, gudana daban. Famfon mai yana juyawa tare da inji, saboda haka idan ka ba da wuta da ƙarfi alhali man yana da kauri, matsin yakan tashi har bawul ɗin kariya ya buɗe ya mayar da wani kaso na man baya, bai je inda ake buƙatarsa ba. Haka kuma a cikin matatar mai akwai wata ƙaramar ƙofar ko-ta-kwana da take buɗewa idan man ya kasa ratsa takardar tacewa da sauri, kuma a lokacin nan man da ba a tace ba ne yake wucewa, ɗauke da duk ƙurar da garin ƙarfen da ke cikinsa. A ƙasar da ƙurar hunturu take shiga ko'ina, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bangon silinda da saman inji kuwa sun dogara ne da man da ake fesawa ko yake fantsama, kuma mai kauri ba ya fantsama yadda ya kamata.

Su kansu ƙarafan ma ba su gama zama daidai ba. Fistin na alminiyam ne, kuma alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfen da ake yin bangon silinda da shi, shi ya sa ake ƙera fistin da ɗan sakwa-sakwa domin sai ya yi zafi zai cika gurbinsa. Kafin nan yana ɗan karkata yana bugun bango, kuma wannan ne ɗan ƙaran kas-kas da ake ji a wasu tsofaffin injuna da safe, wanda yake ɓacewa bayan 'yan mintuna. Idan aka matsa wa inji a wannan hali, kan fistin yakan ɗauki zafi cikin daƙiƙu alhali sauran jikin injin yana sanyi, sai sassan su riƙa buɗewa ba tare da juna ba. A daidai lokacin ne kuma kwamfutar mota take ƙara yawan fetur domin injin ya tsaya da ƙafarsa, kuma wani kaso na fetur ɗin ba ya ƙonewa, sai ya kwanta a bangon silinda ya wanke ɗan man da ke wurin.

Abin da ya sa lambar juyi take da muhimmanci shi ne, ƙarfin da fistin yake fizgar sandarsa da shi ba ya ƙaruwa daidai da daidai. A juyi 3,000 kowane fistin yana hawa da sauka sau 50 a daƙiƙa ɗaya, idan kuma aka ninka juyin zuwa 6,000 ƙarfin fizgar yana ninkuwa sau huɗu ne, ba sau biyu ba. Masu ƙera motocin gudu sun daɗe da sanin haka. Motar BMW M5 da aka fito da ita a 1998 tana da fitilu a jikin agogon juyinta waɗanda suke kunnuwa tun daga 4,000 idan injin yana sanyi, sai su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya gwargwadon yadda man yake ɗaukar zafi, alhali injin nata yana iya kai 7,000. Haka nan injunan Honda masu VTEC, wato tsarin da yake ƙara buɗe bawul idan juyi ya yi yawa, ba sa komawa yanayin ƙarfinsu na sama sai sun ɗumama.

Sai dai lamba kaɗai ba ta isa ba, kuma nan ne direbobi da yawa suke yin kuskuren da ya fi na farko muni. Wani yakan ji an ce kada juyi ya yi yawa, sai ya sa giya ta biyar motar tana tafiyar kilomita 40, ya danne totur a kan hawa, injin yana gurnani a juyi 1,200. Wannan wahalar da inji ce ta gaske, domin kowace fashewa tana dukan fistin da cikakken ƙarfi alhali famfon mai yana juyawa a hankali. A ganina gara juyi 2,800 da ƙafa mara nauyi a kan juyi 1,200 da totur a ƙasa. Ka sauya giya da wuri, amma kada ka bar allurar ta faɗo ƙasa da 1,500 kana jan kaya ko kana hawa, kuma kada ka taka totur fiye da rabi.

Game da lokaci kuwa, kada allurar zafin ruwa ta ruɗe ka. Abin da take aunawa ruwan da ke zagaya inji ne, shi kuwa ruwa yana riga mai yin zafi domin yana bi ta kusa da inda wuta take ci, alhali man yana komawa tukunyar da ke ƙasa inda iska take bugunta. Ruwa yakan kai zafinsa cikin minti 5 zuwa 10 na tafiya, man kuwa yakan buƙaci kimanin ninki biyu na wannan lokaci. Idan allurar ta tsaya a inda ta saba tsayawa, ka ƙara haƙurin wasu mintuna kamar waɗanda ka riga ka yi kafin ka saki jiki. Wannan ba zai hana ka bin babban titi ba, domin Corolla a giya ta biyar tana yin kilomita 80 a sa'a ba tare da allurar ta kai 3,000 ba. Abin da za ka canza kawai shi ne yadda kake kai wa ga wannan gudun, wato ka jira sarari mai faɗi kafin ka shiga titi, ka hau a hankali. Idan kuwa wata rana ka ga babbar mota ta taso maka, to ka taka totur iya ƙarfinka ka kauce, domin ɓarnar da muke magana a kanta tana taruwa ne cikin shekaru, daƙiƙa biyar ba ta kashe inji, kuma rai ya fi ƙarfe.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni dattijo ne a Kano, na fara tuƙi da Peugeot 504. Mun taso mun ga ana tayar da mota a bar ta tana aiki kwata ɗin awa, ana ɗan ba ta wuta, kafin a fita. Yanzu ɗana ya saya mini Honda Accord, ya ce wannan al'ada ɓarnar mai ce kawai. Wane ne a kan daidai?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da kuka saba yana da dalilinsa a zamaninsa. Motocin 504 da kamfanin Peugeot ya fara haɗawa a Kaduna tun daga 1975 suna amfani da kafireta ne da cok, wato abin da yake rage iska domin fetur ya yi yawa lokacin tayarwa, kuma kafireta ba ta iya daidaita fetur da iska yadda ya kamata idan inji yana sanyi, saboda haka wanda ya tashi nan take yakan ji motar tana shiƙa ko ta mutu a mararraba ta farko. Baƙin man da ake samu a lokacin ma ya fi na yanzu yin kauri da sanyi. Motarku ta yanzu kuwa kwamfuta ce take auna zafin ruwa da yawan iska ta fesa fetur gwargwado, shi ya sa za ku ga da kun tayar da ita allurar juyi ta tsaya wajen 1,200 zuwa 1,500 da kanta, sannan ta riƙa sauka a hankali zuwa 700 ko 800.

A kan wannan motar ɗanku ne yake da gaskiya. Daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya sun isa man ya zagaya, wato gwargwadon lokacin da za ku ɗaura bel, ku duba madubai, ku yi addu'ar fita. Injin da yake aiki a tsaye yana ƙona fetur kaɗan, don haka zafin da yake samarwa kaɗan ne, sai ya daɗe cikin halin sanyin da ake gudu. Tafiya a hankali ta fi ɗumama shi da sauri, kuma tana ɗumama akwatin giya da sauran sassan da tsayuwa ba ta taɓa su. A Jamus ma dokar hanya ta hana barin inji yana aiki ba tare da buƙata ba.

Akwai kuma batun ruwa. Kowace lita ta fetur da aka ƙona tana haifar da kimanin lita ɗaya ta ruwa a matsayin tururi, kuma shi ne ruwan da kuke gani yana ɗiga daga bakin salansa da safe. Idan inji yana sanyi wani kaso na tururin yakan zarce ta gefen fistin ya koma ruwa a cikin man, kuma ba ya fita sai man ya yi zafi sosai na ɗan lokaci. Motar da kullum aikinta ɗumamawa a tsaye da zuwa masallacin unguwa ko kasuwar kusa, idan aka buɗe murfin zuba mata mai akan tarar da wani farin kumfa mai yauƙi ya maƙale a cikinsa. Maganin wannan shi ne a riƙa ba ta tafiyar rabin awa a buɗaɗɗen titi ko da sau ɗaya a mako, a kuma yi juye da wuri.

Abin da zan roƙe ku ku bari gaba ɗaya shi ne ba da wuta a tsaye, musamman a daƙiƙun farko bayan tayarwa. A lokacin nan man da ke saman inji ya tsiyaye cikin dare, sabo bai gama hawa ba, kuma babu lokacin da ya fi wannan rashin dacewa da gudun inji. Yaran da ake ba wa makulli su wanke mota da safe suna yawan yin haka, ya kamata a ja musu kunne.

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce a Kaduna. Motata mai sauya giya da kanta ce, ba ta da allurar zafi, sai wata shuɗiyar fitila da take kunnuwa da safe ta mutu bayan ɗan lokaci. Sai na jira ta mutu zan tashi? Kuma na lura da safe motar tana jinkirin sauya giya.

Amsa: Malama, ba sai kin jira ba. Shuɗiyar fitilar tana gaya miki cewa ruwan inji yana sanyi, don haka ki tuƙa a hankali, ba wai ki tsaya ba. Mutuwarta kuma tana nufin ruwan ya fita daga sanyi ne kawai, bai kai cikakken zafinsa ba tukuna, balle man. Ki ci gaba da sassauta ƙafa na kimanin minti 10 bayan ta mutu. Jinkirin sauya giyar da kika lura da shi ba lalacewa ba ce idan yana gushewa bayan 'yan mintuna, domin an tsara motoci da yawa su riƙe ƙaramar giya na ɗan lokaci har inji da man giya su ɗumama. Tun da ba ke kike zaɓar giya ba, ƙafarki ce linzamin, wato matuƙar ba ki danna totur da nauyi ba motar za ta sauya kafin allurar juyi ta kai 3,000. Idan kika ga ta maƙale a sama, ki ɗan ɗaga ƙafa kaɗan sai ta sauya.

Tambaya: Injiniya, ina jan Golf ta haya tsakanin Katsina da Maraɗi. Bakanikena ya cire tamostat, ya haɗa fanka kai tsaye, ya ce kayan ƙasar sanyi ne ba mu buƙatarsu. Yana kuma zuba mini 20W-50, ya ce shi ne yake riƙe inji. Yanzu allurar zafi ba ta tashi ko kaɗan da safe. Wannan alheri ne?

Amsa: Malam direba, wannan ba alheri ba ne, kuma ina ganin cikin duk tambayoyin nan taka ce ta fi shafar jama'a, domin cire tamostat ya zama ruwan dare a garejinmu. Aikin tamostat shi ne ya rufe hanyar lagireto idan inji yana sanyi, ruwan ya riƙa zagayawa a cikin inji kawai har ya yi zafi, sannan ya buɗe. A motoci da yawa yana fara buɗewa ne tsakanin digiri 80 da 90. Idan ya buɗe kuwa ba ya hana sanyaya inji komai, don haka tamostat mai lafiya ba shi ne yake sa mota ta tafasa ba. Da aka cire shi aka kuma bar fanka tana juyawa ba tsayawa, sai injinka ya zama ana sanyaya shi tun kafin ya yi zafi, kuma a safiyar hunturu kana iya fita daga Katsina har ka kai Jibiya man bai kai zafin aikinsa ba. Duk abin da muka bayyana a amsar farko, wanda ya kamata ya ƙare cikin minti 20, sai ya zama halin da injin yake ciki tsawon tafiya, ga kuma fasinja da kaya a kansa. Kwamfuta tana ci gaba da ƙara fetur domin tana ganin inji bai ɗumama ba, saboda haka motar tana shan fetur fiye da ƙima, fulogi yana yin baƙi, fetur yana sauka cikin baƙin mai yana tsinka shi.

Na fahimci abin da yake sa kanikawa yin haka, domin tsohon tamostat yakan maƙale a rufe ya jawo tafasa, kuma cire shi ya fi sauƙi a kan neman mai kyau. Amma gyaran gaskiya shi ne a sa sabo, a mayar da fanka kan na'urar da take kunna ta, sannan a nemi ainihin abin da ya sa motar take zafi, wanda yawanci lagireto ne da ya toshe saboda ruwan rijiya, ko murfinsa da ya daina riƙe matsi, ko famfon ruwa da ya gaji.

Game da mai kuwa, lambar da ke gaban harafin W tana nuna yadda man yake gudana cikin sanyi, kuma duk yadda ta yi ƙasa haka yake saurin gudana da safe. Lamba ta biyu tana nuna kaurinsa a digiri 100. Wato 10W-40 da 15W-40 kaurinsu ɗaya ne idan inji ya yi zafi, amma na farkon ya fi saurin hawa sama da safe. Mai 20W-50 yana da wurinsa a tsofaffin injunan da aka ƙera da tazara mai faɗi, ko waɗanda suka riga suka sha jiki, kuma idan Golf ɗinka ta tsufa yana iya yiwuwa ya dace da ita a bazara. Amma kuskure ne a zuba shi a kowace mota, musamman sababbin injunan da aka tsara wa 5W-30 ko 0W-20, waɗanda suke da ƙananan hanyoyin mai da na'urorin daidaita bawul da suke aiki da matsin man. Littafin mota ko rubutun da ke kan murfin zuba mai shi ne alƙali. Wanda kuma ya zaɓi mai kauri, to ya san cewa haƙurin da zai yi da safe ya fi na sauran tsawo.

Tambaya: Malam, ina tuƙa Hilux mai amfani da dizal, kuma tana da turbo. Lambar da ake faɗa wa motocin fetur ta shafe ni?

Amsa: Taka ta fi tasu ƙasa, domin injin dizal ba ya juyawa da yawa tun asali, kuma jan layinsa yana farawa ne wajen 4,000 ko sama kaɗan. Ka tsaya kusa da 2,000 a mintunan farko, kada ka wuce 2,500. Kafin ka murza makulli har ƙarshe ka jira fitilar hita, wato ta na'urar da take ɗumama cikin silinda kafin tayarwa, ta mutu, bayan tayarwa kuma ka ba shi minti ɗaya. Dogon jira a tsaye ya fi rashin amfani a dizal, domin fetur ma ya fi shi saurin ɗumama a tsaye. Abin da ya kamata ka fi kiyayewa shi ne turbo, wato na'urar da take cusa wa inji ƙarin iska, wadda sandarta take juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya a kan ɗan siririn mai da yake zuwa mata ta ƙaramin bututu. Nauyin ƙafa ne yake tayar da ita, saboda haka muddin man yana sanyi kada ka taka har ka ji ƙarfinta ya shigo gaba ɗaya. Idan kuma ka dawo daga doguwar tafiya mai gudu ko jan kaya, ka bar injin ya yi aiki a tsaye minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe, domin idan man ya tsaya alhali turbo tana da zafi sosai yakan ƙone ya bar gawayi a hanyarsa.

Tambaya: Yallaɓai, mu masu babur da a-daidaita-sahu ba mu da agogon juyin inji. Yaya za mu yi? Kuma janareta da yake tashi da cikakken gudu nan take fa?

Amsa: Ɗan'uwa, kunnenka da hannunka su ne agogonka. Babur irin Boxer iska ce take sanyaya shi, kuma man da yake ɗauka bai wuce kimanin lita ɗaya ba, shi ne kuma yake yi wa kuloci da giya aiki, saboda haka yana ɗumama da wuri fiye da mota amma ba shi da rarar da zai jure ganganci. Ka tayar, ka ba shi minti ɗaya, ka mayar da cok da zarar injin ya iya tsayawa ba tare da shi ba, domin barin cok a jaye yana wanke bangon silinda da fetur. Daga nan ka yi tafiyar minti 5 zuwa 10 ba tare da ka murɗa totur fiye da rabi ba, kana sauya giya kafin sautin injin ya zama kuka. Murɗa totur a tsaye da matasa suke yi a bakin tasha da safe babu abin da yake ƙara wa babur sai kusantar da ranar sauya fistin da zobe. Mai a-daidaita-sahu kuma ya guji fara aikin safe da cika fasinja a kan hawa cikin babbar giya.

Janareta kuwa dole ne ya tashi da gudunsa, domin wutar da ake amfani da ita a Nijeriya da Nijar mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, kuma ƙaramin janaretan fetur sai ya juya sau 3,000 a minti yake ba da ita, manyan na dizal kuwa yawanci 1,500. Tun da ba ka da iko a kan juyin, abin da ke hannunka shi ne nauyin da kake ɗora masa. Ka tabbatar an raba shi da layin gida kafin ka tayar, ka bar shi ya yi aiki minti biyu ko uku babu komai a kansa, sannan ka haɗa kayan wuta ɗaya bayan ɗaya, ba ka sakar masa firji da famfon ruwa da dutsen guga a lokaci guda ba. Ka kuma duba man kafin kowace tayarwa janaretan yana ajiye a wuri mai daidaito, domin yawancin ƙananan nan ba su da famfon mai, wani ɗan cokali ne a jikin sandar fistin yake fantsama shi, kuma idan man ya ragu ko janaretan ya karkace cokalin ba ya samun abin da zai ɗiba.